Labarin zuciyar kyanwa

Hausawa suna cewa: labarin zuciya a tambayi fuska. Ga ɗan Adam maganar tana kan hanya. In yaro ba shi da lafiya, uwarsa na duban fuskarsa ta gane. Amma kyanwa, wadda wasu ke kira mage, wasu kuma mussa, fuskarta ba ta ba da labari. Asalinta kyanwar daji ce, irin wadda har yanzu ake samu cikin dazuzzukan Sahel. A daji, dabbar da ta nuna rauni ita ake fara kamawa. Don haka kyanwa ta gaji ɓoye ciwo. Tana iya ɗaukar ciwon zuciya shekara da shekaru, tana cin abincinta, tana lasar jikinta, ba wanda ya sani.

Kyanwar gidan Kaka

A unguwar Bukoki, cikin birnin Yamai, akwai wata tsohuwa mai sayar da hatsi a kasuwar Katako. Buhunan gero da na masara a gida take ajiye su, cikin wani ɗaki kusa da zaure. Inda hatsi yake, nan kusu yake. Saboda haka tsohuwar ta riƙe kyanwa. Ana kiran kyanwar Toka, don launin gashinta. Shekararta takwas a gidan, kuma tun zuwanta kusu bai huda buhu ko ɗaya ba.

Tsohuwar tana da jika mace, ƴar shekara 11, tana aji biyar. Ita ce mai zuba wa Toka ruwa a kasko. A gefen tabarmarta kuma Toka ke kwana.

Cikin watan Afirilu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, yarinyar ta lura da abu biyu. Toka ta bar hawan katanga. In kuma tana barci, cikinta na tashi yana sauka da sauri. Yarinyar ta gaya wa kakarta.

– Kaka, Toka ba ta da lafiya.

– Ke dai kishiyata, ba ki rasa magana. Wa ke da lafiya cikin wannan zafi? Bari damina ta sauka ki gani.

Ana nan, sai ragon layyar gidan ya ƙi cin abinci. Kawun yarinyar ya kira likitan dabbobi. Likitan ya yi karatunsa a Dakar, a makarantar likitocin dabbobi da ƙasashen Afirka da dama suka haɗu suka kafa a shekarar 1968. Nijar tana cikinsu. Yawancin aikinsa a kan shanu ne, da tumaki, da awaki, da raƙuma. Da ya gama da rago yana wanke hannu, sai yarinyar ta matso da kyanwa a hannunta. Ta durƙusa ta gaishe shi.

– Likita, don Allah a duba mini wannan ita ma.

Likitan ya zauna kan kujera ƴar tsugunno. Ya fitar da abin saurare daga jakarsa, ya ɗora shi a ƙirjin Toka, bayan gwiwar ƙafarta ta gaba ta hagu. Toka ta hau gurnani irin na jin daɗi. Gurnanin ya rufe komai. Likitan ya ce a kawo buta a tsiyayar da ruwa kusa da ita. Da Toka ta ga ruwa na zuba, ta yi tsit. Wannan dabara ce da likitocin dabbobi suka sani. Ya saurara ya daɗe. Sannan ya sa wa yarinyar abin a kunne.

– Ƴata, me kika ji?

– Na ji dum-tak, dum-tak, da sauri ƙwarai. Amma tsakaninsu akwai wani shuu, kamar hucin maciji.

– Kunnenki na da kyau. Shi ake kira hucin zuciya. Da Faransanci ana cewa souffle au cœur.

Yadda zuciya ke aiki

Zuciya tsoka ce mai tura jini. Ta kyanwa ba ta fi babban goro girma ba. Kamar ta mutum, ɗakuna huɗu gare ta: biyu a sama, biyu a ƙasa. Gefen dama yana tura jini zuwa huhu, ya ɗauko iska mai kyau. Gefen hagu yana karɓar wannan jini ya tura shi duk jiki. Akwai ƙyamare huɗu masu buɗewa da rufewa, don kada jini ya koma baya. Rufewar ƙyamaren nan ita ce ƙarar dum-tak da ake ji.

Zuciyar babban mutum tana bugawa sau 60 zuwa 100 cikin minti ɗaya. Ta kyanwa, in tana hannun likita, sau 140 zuwa 220. Shi ya sa yarinyar ta ce da sauri ƙwarai.

In jini na tafiya sumul, ba ya ƙara. Ku tuna da masu lambu na bakin kogin Kwara. Ruwa na fita daga tiyo shiru. Amma in mai lambu ya danne bakin tiyon da babban yatsa, sai ruwan ya fito da ƙarfi yana shuu. Haka jini yake. In hanyarsa ta ƙuntata, ko ƙyaure bai rufu da kyau ba, ko akwai huda a bangon da ya raba ɗakunan, sai ya yi huci.

Abin sauraren nan wani likitan Faransa ne ya ƙago shi, sunansa René Laennec. A shekarar 1816, a birnin Paris, ya naɗe takarda kamar bututu, ya ɗora a ƙirjin wata mara lafiya, ya ji zuciyarta sarai. Daga baya ya sassaƙa na itace. A shekarar 1933 kuma wani likitan Amurka, Samuel Levine, ya raba ƙarfin huci mataki shida. Mataki na 1 da ƙyar ake jinsa, sai wuri ya yi shiru. Mataki na 6 ana jinsa ko an ɗaga abin sauraren kaɗan daga ƙirji. Hucin Toka, in ji likita, mataki na 3 ne.

Huci alama ce

Tsohuwar ta ajiye faifanta ta matso.

– To Likita, mutuwa za ta yi ke nan?

– Hajiya, huci alama ce kawai, kamar hayaƙi. Sai an duba abin da ke ƙonewa.

Abubuwa da yawa suna kawo huci. Tsoro na sa zuciyar kyanwa gudu har ta yi huci, in ta natsu ya ɓace. Zazzaɓi na kawo shi. Ƙarancin jini ma haka, domin jinin da ya tsinke ya fi yin ƙara. Ƙuma da tsutsar ciki suna shanye jinin ƴaƴan kyanwa har a ji hucin. Wasu ƴaƴan kyanwa ana jinsa gare su suna ƙanana, in sun kai wajen wata shida ya tafi da kansa. Tsofaffin kyanwoyi kuma suna kamuwa da hawan jini, ko ciwon wata halitta da ke wuya, wadda in ta kumbura ga mutum ake ce mata maƙoƙo. Waɗannan ma suna wahalar da zuciya.

A shekarar 2015 wasu likitocin dabbobi na birnin Landan suka bayyana wani bincike. Sun duba kyanwoyi 780 a gidajen da ake tara waɗanda ba su da masu riƙo. Dukansu da gani lafiyarsu lau. Kusan 41 cikin 100 an ji huci a ƙirjinsu. Amma waɗanda aka samu da ciwon kaurin zuciya kusan 15 ne cikin 100. Wasu masu ciwon kuma ba a ji musu huci ko kaɗan ba. Ga kyanwa, ƙarfin huci ba ya nuna girman ciwo.

Ciwon kaurin zuciya shi ne ya fi yawa ga kyanwoyi. Bangon babban ɗakin hagu ne ke yin kauri. Ku ɗauka magini yana ta yaɓa ƙasa a bangon ɗaki ta ciki, shekara bayan shekara. Bango zai yi ƙarfi, amma ɗakin zai matse. Haka zuciyar take zama: ba ta ɗaukar jini isasshe. Jinin da ya rasa wuri sai ya taru a ɗakin sama, ya danna baya zuwa huhu. Daga nan ruwa ya fara taruwa cikin huhu ko kewayensa, numfashi ya yi wuya. Ciwon yakan bi gado. A shekarar 2005 an gano ƙwayar gadon da ke kawo shi ga wani jinsin manyan kyanwoyin Amurka mai suna Maine Coon.

Hanyar tabbatar da shi ita ce ekogarafi, irin na'urar da ake duba cikin mata masu juna biyu da ita. Da ita ake auna bangon. In kaurinsa ya kai milimita 6 ko fiye, likita zai yi zargin ciwon. Likitan da ya duba Toka ba shi da wannan na'ura. Sai ya yi aiki da abin da ke hannunsa. Ya ɗaga leɓenta ya duba dasashi, ya ga ja ne mai kyau, ba alamar ƙarancin jini. Ya auna zafin jikinta, ba zazzaɓi. Ya shafa wuyanta, bai ji kumburi ba. Ya duba shekarunta da yadda take numfashi, ya ce ya fi zaton ciwon daga zuciyar kanta yake.

Gardamar kifi

Likitan ya tambayi abin da Toka ke ci. Tsohuwar ta ce da kusu take ci da ƙadangaru. Yanzu da ta bar farauta, sai ragowar tuwo da miya.

Likitan ya girgiza kai. Kyanwa maciyar nama ce tun asali. Jikinta na bukatar wani sinadari mai suna torin, wanda ake samu cikin nama da kifi da kusu. Babu shi cikin gero ko shinkafa. Mutum da kare jikinsu na iya haɗa shi, amma na kyanwa ba ya haɗa isasshe. In ta rasa shi, zuciyarta takan saki ta yi laushi kamar tsohuwar salka, idonta ma ya lalace. Wani likitan dabbobi, Paul Pion, da abokan aikinsa ne suka gano haka a shekarar 1987, a jami'ar Kaliforniya da ke garin Davis. Bayan nan masu yin abincin kyanwa na gwangwani suka ƙara torin a ciki, wannan ciwon ya ragu ƙwarai. Miya kuma tana da albasa da tafarnuwa, su kuwa suna fasa ƙwayoyin jinin kyanwa.

– Hajiya, a nemo mata kifi ko guntun nama. A dafa ba gishiri, ba albasa, a ba ta har da romon, don sinadarin cikin ruwan yake narkewa.

– Likita, mutane ba su samu kifi ba, sai mussa?

Maganar tsohuwar tana da nauyi. Gida ne mai baki goma, kuɗin cefane a ƙirge yake. Yarinyar ba ta ce komai ba a gaban baƙo. Da dare ta ɗauko allonta ta zauna kusa da kakarta.

– Kaka, kafin Toka ta zo, buhu nawa kusu ke ɓata miki a shekara?

– Ya kai biyu, wata shekara uku.

– Biyu sau takwas, goma sha shida. Buhu 16 ke nan ta tsare miki. Nawa kika biya ta?

Tsohuwar ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce makarantar nan ta koya wa kishiyarta wayo. Washegari ta yi magana da wata mai soya kifi a bakin kasuwa. Kawunan kifi da kayan ciki, waɗanda da zubarwa ake yi, aka riƙa ƙulla mata a leda tana kawowa gida.

Littafin ƙirga

Kafin likitan ya tafi, ya ba yarinyar aiki. Ya ce ta jira sai Toka ta yi barci sosai, a wuri mai sanyi. Ta dubi haƙarƙarinta. Tashi ɗaya da sauka ɗaya, numfashi ɗaya ke nan. Ta ƙirga na sakan 30, ta ninka biyu. Kyanwa mai lafiya, in tana barci, numfashinta ba ya wuce 30 cikin minti ɗaya. In lambar ta riƙa wuce haka, a kira shi. In kuma ta ga Toka ta buɗe baki tana haki kamar kare, kada a jira gari ya waye. Ya ƙara da cewa kare mai ciwon zuciya yakan yi tari, amma kyanwa ba safai take yi ba. Mai jiran tari zai makara.

Ya kuma yi gargaɗi da babbar murya: kada a sayo ƙwaya wajen masu tallar magani a faranti a ba ta. Farasitamol, da mutane ke sha don ciwon kai, ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Asfirin ma ba a ba ta sai likita ya auna.

Yarinyar ta ja layi a bayan littafinta na lissafi. Ta ari agogon kawunta. Daren farko ta rubuta 28. Bayan mako guda, 26. Ta mayar da kaskon ruwan Toka kusa da randa, inda ƙasa ke da sanyi. Ta hana ƙannenta korar ta da gudu. Damina ta sauka, lambobin suna tsakanin 24 da 30.

Cikin watan Oktoba zafi ya dawo. Wani dare ta rubuta 38. Kashegari 44. Da gani Toka ba ta sake ba, har ta cinye kifinta. Tsohuwar ta ce a bari a gani. Yarinyar ta buɗe littafin ta nuna mata layin lambobi tun daga Afirilu. Tsohuwar ba ta iya karatun boko ba, amma ta san lissafi fiye da kowa a gidan. Ta kwance bakin zanenta ta ba da kuɗin kiran likita.

Likitan ya saurari huhun Toka ya ji alamar ruwa. Ya yi mata allurar wani magani mai suna furosemid, mai fitar da ruwa ta hanyar fitsari. Ya bar ƙwayoyi, ya nuna yadda za a raba su. Bayan kwana uku lambar ta sauko 29. Maganin ba ya rage kaurin bango. Sauƙin numfashi yake kawowa. A shekarar 2025 ne hukumar magunguna ta Amurka ta ba da izinin wucin gadi ga wani sabon magani da ake fatan zai rage kaurin kansa, ga kyanwoyin da ciwon bai riga ya kwantar ba.

Safiyar hunturu

Toka ta ƙara wata goma sha huɗu. Wata safiya cikin hunturu aka ji kukanta a bakin ɗakin hatsi. Tana jan jiki da ƙafafun gaba, na baya sun mutu. Maƙwabta suka taru. Wata ta ce jifa ne aka yi wa mai gida ya faɗa kan dabba. Wata ta ce a fitar da ita daga gidan tun da wuri.

Yarinyar ta taɓa ƙafafun, ta ji su da sanyi. Likita ya riga ya gaya mata wannan na iya faruwa. Jinin da ya daɗe tsaye a ɗakin sama na zuciya yakan daskare ya zama guda. In gudan ya ɓalle, sai ya bi babbar jijiya har inda ta rabu biyu zuwa ƙafafun baya, ya toshe ta. Akwai magani mai suna kilofidogirel da ake bayarwa don rage wannan haɗari, amma ba ya hana shi duka. Ta bayyana wa matan haka, muryarta na rawa. Tsohuwar ta ce da su:

– Kun ji abin da jikata ta faɗa. Ciwo ne, ba hannun kowa. Shekara tara tana tsaron hatsina. A gidan nan za ta ƙare.

Likitan ya zo ya yi mata allurar kashe zafi. Kafin la'asar Toka ta mutu. Kawun yarinyar ya haƙa rami a gindin dogon yaro ya rufe ta.

Zuciyar yara

Yara ma ana jin huci a ƙirjinsu. Da yawa ba na ciwo ba ne, yakan tafi in yaro ya girma. Wani kuma ƙarancin jini ke kawo shi, kamar bayan zazzaɓin sauro ko ga masu ciwon sikila. Amma akwai wanda ake tsoro. Wata ƙwayar cuta mai suna sitireptokok tana kawo ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, musamman ga yara ƴan shekara 5 zuwa 15. In ba a yi magani ba, bayan mako biyu ko uku gaɓoɓin wasu yaran sukan kumbura su yi ciwo. Ciwon yakan taɓa ƙyamaren zuciya ya bar musu tabo har girma. Miliyoyin mutane a duniya suna fama da shi, da yawansu a Afirka. A shekarar 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya a Janeba ya yanke shawarar a yaƙe shi. Maganin farko mai araha ne: fenisilin, in ma'aikacin lafiya ya rubuta.

Kyanwa ba ta da bakin faɗa, sai an ƙirga mata. Ku kuna da baki. In maƙogwaronku na ciwo da zazzaɓi, ko gwiwa ta kumbura, ko kuna gajiya da wuri wajen wasa, ku gaya wa iyayenku da malaminku, a kai ku asibiti a saurari ƙirjinku.

Tambayoyi

1. Don me kyanwa ke ɓoye ciwo?
2. Ɗakuna nawa zuciya take da su? Ina gefen dama ke tura jini?
3. Kawo abubuwa uku da ke sa a ji huci ko da zuciya lafiyarta lau.
4. Me ya sa tuwo da miya ba su isar kyanwa?
5. Wace hujja yarinyar ta kawo wa kakarta a kan maganar kifi?

Lissafi

Wata kyanwa tana barci. An ƙirga numfashinta 19 cikin sakan 30. Nawa ke nan cikin minti ɗaya? Za a kira likita ko a'a?

Aiki

Ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannunku, ƙarƙashin babban yatsa. Ku ƙirga bugun na sakan 30, ku ninka biyu. Ku zagaya filin makaranta da gudu sau ɗaya, ku sake ƙirgawa. Ku rubuta lambobin biyu cikin littafinku.